Muryar Ƙanena Ta Ƙi Fita Daga Waƙata

Jikata ta kafa situdiyon ɗaukar waƙa nata na kanta, kuma waƙar farko da za a saki a cikinsa tawa ce. Ni, tsohon mai gyaran famfo, ɗan shekara saba'in da ɗaya. Na gaya wa mai shagon bakin layinmu, na gaya wa direban motar haya, har wani bawan Allah da ya tsayar da ni yana tambayar hanya sai da ya ji labarin kafin na nuna masa inda zai bi. Af, ki gafarce ni Malama, ko sallama ban yi ba. Assalamu alaikum, ina fatan kina lafiya ke da iyali da abokan aiki. Don Allah ki taimake ni da shawara, domin murnar nan tawa da ɗaci a ƙarƙashinta, kuma yau kwana tara ke nan abinci bai yi mini daɗi a baki ba.

Ki yi haƙuri da rubutuna idan ya karkace. Sai da na kai hamsin da tara na shiga ajin manya na yamma, ina tashi daga aiki da datti a farce in je in zauna a bencin yara, gwiwata na dukan tebur. Wannan wasiƙar sau uku ina sake ta.

Yarinyar 'yar babban ɗana ce. Tun tana rarrafe nake ce mata Amarya, ita kuma da ta yi baki ta laƙaba mini Ango Mai Sifana, wai ba za ta tare ba sai na sake haƙora. Ubanta aikin jinya ya so ta yi, ni na tsaya mata ta karanci haɗa sauti. Wurin nata a saman shagon masu faci yake, matakala goma sha bakwai, na ƙirga su da gwiwata. Ɗaki biyu ne da tagar gilashi a tsakani, an manne bango da soso, ga tebur da kwamfuta da lasifika biyu. Famfon banɗakin wurin ni na haɗa shi da hannuna, kuma ko ɗigo ba ya yi.

Waƙar kuwa ta mahaifiyarmu ce. Wanki take yi wa mutane har sabulu ya tsattsage mata hannu, da shi ta ciyar da mu ni da ƙanena. Shekarar da ta rasu ina kwance rigingine a ƙarƙashin wani wurin wanke hannu ina ɗaure fayif, baitocin suka riƙa zuwa mini ɗaya bayan ɗaya. Ban iya rubutu ba, sai na riƙe su a ka. Da na koma gida na rera wa ƙanena, wanda kowa ke kira Akawu saboda shi aka sa a makaranta, ni aka kai ni koyon sana'a don a samu abin sa shi. Ya saurara, ya sako amshi a tsakanin baitocin, kalma shida ce kacal, ya kwafe duka a littafinsa. Daga nan muka riƙa rerawa tare, ni in ja baiti shi ya amsa.

Shekara talatin da ɗaya da suka wuce wani ƙaramin gidan rediyo ya ɗauke mu, aka buga kaset 'yan kaɗan. Takardar da suka ba mu Akawu ne ya cike. Malama, shekara goma sha tara kaset ɗin nan yana cikin akwatin kayan aikina. Duk gidan da na shiga gyara, in hira ta yi daɗi, sai in ciro shi in ɗora yatsa a kan rubutun in ce ga sunana nan. Mutane su duba, su dube ni, su ce madalla. Ba wanda ya taɓa buɗe baki ya gaya mini. Ranar da na fara haɗa baƙi a ajin yamma, abin da na fara karantawa da kaina a gida shi ne bangon kaset ɗin. Na bi shi harafi harafi, gaba da baya, ina neman sunana. Sunan Akawu ne da manyan baƙaƙe, a ƙasa da ƙananan rubutu aka sa wai tare da ɗan'uwansa. A kan sunansa nake ɗora yatsa duk shekarun nan.

Da na tare shi, ko kunya bai ji ba. Wai layi ɗaya aka bari a takardar, wai ni da bakina na ce masa ya cike kawai duk ɗaya ne, wai Yaya me ya yi zafi a kan kaset da ko na'urar sa shi babu yanzu. Tun daga ranar gaisuwarmu ta koma ta maƙwabtan da ba sa shiri. Shekara goma sha biyu.

Amarya ce ta dage sai an sake ɗaukar waƙar, mu biyu, tun muna da sauran numfashi. Ta yi ta zarya tsakanin gidana da nasa har na yarda, bisa sharaɗin ba zan tsaya ɗaki ɗaya da shi ba. Ta ce ai hakan ma ya fi mata, don muryar wani ba za ta shiga makirufon wani ba. Ni aka sa a ɗakin soso, shi aka ajiye masa kujera a lungun da ke bakin matakala, kowa da makirufonsa da abin sawa a kunne. Akwai wani akwatin ƙarfe a kan teburinta mai ramuka takwas, nan wayoyin makirufo suke shiga, ta ce sunansu mashiga. Da na leƙa na ga wayar Akawu a mashiga ta ɗaya, tawa a ta biyu, don ya riga ni zuwa. Na ce ba zan buɗe baki ba sai an sauya. Ta ce Ango, na'ura ba ta san yaya da ƙane ba. Na ce ni na sani. Ta sauya tana dariya.

Ba zan ɓoye miki ba, ɗaukar ta yi kyau. Ina jin sa a kunnena, yana ji na a nasa, ba ma ganin juna. Muryarsa ta tsufa, ta yi kauri, amma yana faɗowa daidai inda yake faɗowa tun muna samari. A baiti na huɗu, inda ake maganar hannun mahaifiyarmu, sai da na tsaya na sha ruwa. Na fito zuciyata ta yi laushi, har ina tunanin in ce masa mu sauka tare. Sai na tarar da shi a bakin matakala yana hira da mai ginin, yana cewa ai wannan waƙar ya yi ta tun ba a haifi uban yarinyar nan ba. Shi ya yi ta. Ina tsaye a bayansa da abin kunnen a hannuna.

Na jira ya sauka, na koma na ce wa Amarya ta cire shi daga waƙar, kada ko tarinsa ya saura. Ta roƙe ni, ta ce in bari in huce. Na ce waƙar uwata ce, ni na yi ta, in ba za a cire shi ba a goge duka. Sai ta juyo mini da fuskar kwamfutar. A cikin manhajar kowace murya da layinta, nawa, nasa, na mai jita, na mai ganga, kuma a ƙasan kowane layi akwai wani mariƙi da ake ja sama ko ƙasa, a ƙara murya ko a rage. Ta kama na Akawu ta ja shi har ƙasa a kan idona. Aka kunna, babu shi. Na sa mata albarka na tafi.

Mako uku tana aikin haɗawa. Ranar Laraba waccan da hantsi ta kira ni in zo in ji. Na sa sabuwar riga, ta zaunar da ni tsakanin lasifikan nan biyu, ta kunna. Malama, ban san muryata za ta iya yin haka ba, kamar a babban zaure nake rerawa. Na ja baitin farko, na kai inda amshi yake zuwa. Sai na ji shi. Can nesa, siriri, kamar mutum yana magana a cikin tankin da babu ruwa. Kalmomin ba su fita sosai, amma ko a barci aka tashe ni na san muryar wanda muka sha nono ɗaya. Na ce ko kunnena ne. Baiti na biyu ya sake zuwa. Na uku ma haka.

Na ce ta tsayar. Ta tsayar, ta sake saurara, sai ta dafe kai. Ta ɗan danne-danne, ta ce ta gano, ta shiga yi mini bayani, kuma don ta san sana'ata da fayif ta yi mini shi. Ta ce layin kowace murya kamar babban fayif ne da ke tafiya zuwa lasifika, mariƙin nan shi ne bawul ɗinsa. Amma daga jikin kowane layi ana iya fitar da reshe, a aika wani kaso na muryar zuwa wani layi daban inda ake ƙara mata amsa-kuwwa, sannan ta dawo ta haɗu da sauran. Shi ya sa na ji kamar a zaure nake. Muryata da ta Akawu duk an aika su can. Reshen kuwa ana iya fitar da shi bayan bawul, ana iya fitar da shi kafin bawul. Na Akawu kafin bawul yake. Ta rufe babban fayif, amma reshen na ci gaba da kai muryarsa wurin amsa-kuwwa, shi ne inuwarta take dawowa. Ta ce ranar ɗauka ta fitar da rassan da ke kai mana sauti a kunne kafin bawul da gangan, don kada abin da take ja a tebur ya dame mu muna rerawa, sai ta kwafi saitin ta yi na amsa-kuwwa da shi ta manta ba ta mayar ba. Ta ce tana ta aiki a kan baitocina, kunnenta ya saba, ta ɗauka jelar muryata ce.

To a nan ne matsalar take. Da ban gane ba da ya fi mini sauƙi. Shekara arba'in da biyar ina wannan aikin. Na san gidajen haya da aka fitar wa maƙwabci reshe kafin bawul a ɓoye, mai gida ya rufe ruwa yana ganin ya rufe, can bayan katanga ana ta cika bokiti. Ban taɓa ganin reshe ya fitar da kansa ba. Duk inda aka sa mahaɗa, hannun mutum ne ya sa ta a wurin. Kuma yarinyar nan ita ce ta roƙe ni kada a cire shi.

Na faɗi maganar da har yanzu take ci na. Na ce mata ashe ita ma Akawu ce. Na ce duk ku masu ilimi halinku ɗaya, ku nuna wa jahili babban rubutu ku ɓoye gaskiya a ƙarami, shi ya yi mini da biro ke kin yi mini da kwamfuta. Na ce kin ja mariƙi a gabana kamar mai rarrashin yaro da alewa.

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta danna wani ɗan wuri, reshen ya koma bayan bawul, ta sake kunnawa daga farko ba tare da ta dube ni ba. Akawu ya fita tas. Sai ga ni ni kaɗai. In ja baiti, in yi shiru ina jiran wanda ba zai zo ba, jita na ta kaɗawa a banza, in sake ja. Ramuka goma sha ɗaya na ƙirga. Har ana jin numfashina a wasu wuraren, yadda nake ja ina sauraron sa. Ta tura mini duka biyun a waya, mai inuwar da marar inuwar, ta ce Kaka, ka zaɓi wadda za a saki, ina bukatar amsa kafin Juma'ar ƙarshen wata. Kaka ta ce. Rabon da ta kira ni haka tun tana koyon magana.

Tun ranar ba ta zo gidan ba. Tana kiran kakarta a waya su gaisa, in an ce ga shi nan sai ta ce a gaishe shi, aiki ya yi mata yawa. Mai ɗakina ta ce ni da bakina sai Allah, wai na rasa wanda zan sara sai wadda ta ɗauke ni mutum.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba sai ke. Na saurari biyun nan ya fi sau arba'in, a inuwar ƙofar gida, waya a kunne. Mai inuwar ta fi daɗi. Ta fi nesa ba kusa ba. Idan muryar nan ta taso daga can ƙasa a baiti na huɗu, sai in ji kamar mahaifiyarmu ce da kanta take amsawa. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Mutumin nan ya ci sunana, ya bar ni ina nuna wa duniya sunansa da yatsana, ya sake ci a bakin matakala, an rufe masa bawul, kuma duk da haka sai ya biyo ta bayan gida ya gyara mini waƙa. Wani lokaci ina cewa a saki mai inuwar kawai, a rubuta sunana ni kaɗai, ai ba wanda zai gane shi ne, shi ma ya ɗanɗana zama ƙaramin rubutu, ko ma babu rubutun. Wani lokaci in ce a saki mai ramukan, in ya so a ce tsoho ya yi waƙa mai giɓi kamar bakinsa.

Malama, ki gaya mini tsakani da Allah, da gangan ta yi? Idan ba da gangan ba ne, da wane ido zan hau matakalar nan? Kuma wacce zan zaɓa? Akawu bai san an cire shi ba, na ji an ce har ɗinki ya kai wa tela don bikin buɗe situdiyon.

Duk da haka ranar Asabar ta ƙarshen wata za a buɗe, da ƙarfe huɗu na yamma. Na rubuta kwatancen wurin a bayan takardar nan. Ki zo, ki zo da mutanen ofishinku, masu karatu ma duk wanda ƙafarsa za ta iya matakala ya zo ya ga abin da jikar mai gyaran famfo ta gina. Akwai kujeru, in sun ƙare ni zan tashi in ba da tawa.

Naku,
Tsohon Mai Famfo

*

Baba, wa alaikumus salam. Ina taya ka murna, kuma rubutunka bai karkace ba, ko kalma ɗaya ban gyara ba. Kwatancen ne kawai ban buga ba, don ƙa'idar filin nan ce.

Tambayarka ta farko ba fannina ba ce, don haka na kira wani da ya shekara ashirin yana haɗa sauti na karanta masa wurin, ban gaya masa ko waye ba. Tun ban kai ƙarshe ba ya fara dariya. Ya ce duk wanda ya ce bai taɓa rufe layi ya bar reshensa na zuba a amsa-kuwwa ba, to bai daɗe a aikin ba, kuma hanyar da ta ce kuskuren ya bi ita ce hanyar da ya saba bi. Ya ƙara da cewa wanda ya yi mako uku yana jin waƙa ɗaya, kunnensa yakan daina jin abin da baƙo zai ji a karon farko. Ban shiga zuciyarta ba, shi ma bai shiga ba. Amma ka duba abin da ta yi. Ita ta kira ka, ta zaunar da kai inda sauti ya fi fita, da ka yi magana ta nemo wurin ta nuna maka da harshen sana'arka, ta gyara a gabanka, ta ba ka zaɓi. A gidajen hayar da ka ambata, ka taɓa ganin wanda ya saci ruwa ya kamo hannun mai gida ya kai shi kan mahaɗar?

Ko da a ce wani sashe na zuciyarta bai so a cire shi ba, maganar da ka faɗa mata ba tata ba ce. Ta Akawu ce, ka riƙe ta shekara goma sha biyu, ka sauke a kan wadda ta fi kusa. Yarinyar da ta zaɓi waƙarka ta zama ta farko a wurin da ta gina ba ta ɗauke ka jahili ba. Gobe da safe ka hau matakalar. Kada ka aika kakarta, kada ka fara da wasa don a wuce wurin da dariya. Ka maimaita abin da ka ce, ka ce ka janye shi, ka nemi ta yafe. Mai yiwuwa ba za ta sake nan take ba. Ka ba ta lokaci, kai ka jawo.

Game da ƙanenka, ba zan ce maka abin ya wuce a manta ba. An zalunce ka. Ko da layi ɗaya ne a takardar, yana da shekara goma sha tara da zai iya gaya maka abin da ke jikin kaset ɗin, bai yi ba, kuma abin da ya faɗa a bakin matakala ya nuna har yau bai ga laifinsa ba. Fushinka yana da tushe. Sai dai akwai abin da ka faɗa a gurguje ka wuce: amshin nasa ne. Ka ce kalma shida ce kacal, amma da aka cire su kai da kanka ka ƙirga rami goma sha ɗaya. Idan ya ce shi ya yi waƙar ya yi ƙarya babba. Idan ka ce kai kaɗai ka yi ta, ka yi ƙarama. Ina zaton kowannenku ya daɗe yana gaya wa kansa rabin labarin da ya fi masa daɗi.

Shi ya sa shawarar nan da take maka yawo a rai, ta a saki mai inuwar da sunanka kai kaɗai, ita ce ba zan goyi baya ba ko kaɗan. Ka sha daɗin muryarsa, ka ɓoye shi a inda ba za a gane ba, ya zo da sabon ɗinki ya zauna yana jiran amshinsa a gaban jama'a. Wannan shi ne abin da aka yi maka, sai dai kai da saninka za ka yi, kuma da hannun jikarka, a ranar buɗe sana'arta. Mutumin da ya rera a makirufonta yana da haƙƙin ya san abin da aka yi da muryarsa. Idan labari ya fita cewa a wurinta ana ɗaukar mutum a mayar da shi inuwa ba da saninsa ba, ita za ta kwana a ciki, ba kai ba.

Ga abin da nake gani. Bayan ka shirya da ita, ka ɗauki takarda ka rubuta da hannunka abin da za a sa a jikin waƙar: wanda ya yi baitoci, wanda ya yi amshi, wadda ta haɗa sauti. Kowa da sunansa cikakke, girman baƙi ɗaya. Ka kai wa Akawu da kanka kafin Juma'a, ku biyu kawai. Ka gaya masa ka ji abin da ya faɗa wa mai ginin, ka gaya masa ka sa an cire shi saboda haka, sannan ka miƙa masa takardar ya karanta. Idan ya amince da abin da ke ciki, ka ce wa jikarka ta ɗaga mariƙinsa sama, a ji shi sosai kamar yadda ya rera, ba daga cikin tanki ba. Idan ya ƙi, ya ce lallai shi ya yi duka, to ka gaya masa a fuskarsa cewa ba da muryarsa za a saki ba, a rufe babban fayif da reshe gaba ɗaya. Amshin ma a bar masa kayansa. Ramukan kuwa aikin jikarka ne, ta san yadda za ta cike su da jita ko ta matso da baitocin, idan ka tambaye ta a matsayin mai sana'a.

Ba zan yi maka alkawarin zai amince ba. Mutum mai shekarunsa da ya daɗe yana ba da labari iri ɗaya yana iya zaɓar labarin ya bar ɗan'uwa. In haka ta faru za ta yi ciwo, kuma waƙar da za a saki ba za ta kai wadda kake ji a ƙofar gida daɗi ba. Shekarun da ka yi kana nuna sunan wani ma ba mai dawo maka da su. Abin da ya rage a hannunka shi ne wannan karon kai ne mai cike takardar, kuma ba wanda ya ce maka layi ɗaya ne.

Duk yadda ta kaya, ku gama ta kafin Asabar. Ranar ta yarinyar ce, kada tsofaffi biyu su mayar mata da ita kotu. Allah ya sanya albarka a wurin, ya kawo mata masu aiki na gari, ya jiƙan mahaifiyarku, kai kuma ya ƙara wa gwiwa ƙarfi da zuciya sanyi.